Wasiyya: Abin da rabon gado kaɗai ba zai warware wa iyali ba

A gidaje da dama a Najeriya, rigimar gado ba ta jiran ranar da za a zauna rabo. Tana farawa ne tun kafin a naɗe tabarmar zaman makoki, a lokacin da wani zai matso kusa da babban ɗa ya raɗa masa cewa yana bin marigayi kuɗi, ƙanin marigayi ya ce shagon kasuwa na haɗin gwiwa ne, uwargida kuma ta ce filin bayan gari da kuɗin gwal ɗinta aka saya.

Mai yiwuwa dukansu gaskiya suke faɗa. Mai yiwuwa kuma a cikinsu akwai mai neman cin bulus. Wanda kaɗai zai iya raba gardamar yana kabari, bai kuwa bar ko layi ɗaya a rubuce ba.

Duk da haka, maganar wasiyya tana cikin abubuwan da mutane ba su son a tayar. Wasu na ganin rubuta ta tamkar yi wa kai fatan mutuwa ne. Wasu na ɗauka aikin attajirai ne masu gidaje a Abuja da Legas. Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa ita ce wadda ake ji daga bakin Musulmi da yawa: tun da Allah Ya riga Ya raba gado a cikin Alƙur'ani, me kuma ya rage da mutum zai rubuta?

Tambayar tana da nauyi, kuma rabinta gaskiya ne. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanke kason magada, ba kuma wanda ke da ikon sauya shi da alƙalami. Sai dai ilimin rabon gado yana raba abin da aka tabbatar na mamaci ne kawai. Ba ya gaya wa malamin da ke rabo inda dukiyar take, ko wace ce ta mamaci wace ce ajiyar wani, ko nawa ake binsa, nawa yake bi. Nan ne gurbin wasiyya, kuma gurbi ne mai faɗi fiye da yadda aka saba zato.

Kafin a raba, sai an san abin da za a raba

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Musulunci a Najeriya ke aiki da shi, gado ne na ƙarshe a jerin haƙƙoƙin da ke kan dukiyar mamaci. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sannan a biya basussuka, sannan a zartar da wasiyya, abin da ya saura shi ne na magada. Ke nan duk rabon da aka yi ba tare da sanin bashin da ke kan mamaci ba, an gina shi ne a kan kuskure, ko da lissafin kason ya fita daidai.

A nan ya kamata a dubi yadda harkokin yawancin jama'a suke tafiya. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau yana iya karɓar kaya na miliyoyin naira da magana ta baki. Manomi yana riƙe da gonar jingina ko ta aro shekara da shekaru, har 'ya'yansa su taso suna ganin ta gidansu ce. Ma'aikaci ya ba wani makiyayi shanu kiwo a ƙauye, ba wanda ya san adadinsu sai su biyu. Mace tana cikin adashi, ta kwashe nata, saura zubi biyar a kanta. Wani kuma mutumin kirki ne da mutane ke kawo wa ajiya saboda amanarsa, kuɗin marayu da na masallaci duk suna cikin asusunsa na banki, a cakuɗe da nasa.

Ranar da irin wannan mutum ya faɗi, amanar da aka san shi da ita ce za ta zame wa iyalinsa fitina. Ko dai su raba haƙƙin wasu cikin rashin sani, ko kuma su biya duk wanda ya zo da rantsuwa. Takarda guda mai ɗauke da jerin kadarori da basussuka da ajiyoyi, da shaidu a kanta, ta isa ta rufe wannan ƙofa. Saboda haka ne malamai suka ce wasiyya, wadda asalinta mustahabbi ce, tana zama wajibi a kan wanda ke da bashi ko ajiyar da ba wanda ya san da su. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hori mai abin yin wasiyya da kada ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Al'adar maniyyata ta barin wasiyya kafin tafiya aikin Hajji ma daga wannan fahimta ta samo tushe, illa dai mutuwa ba ta keɓanta da hanyar Makka ba.

Akwai kuma dukiyar matan gida, wadda ita ce ta fi saurin narkewa a cikin gado. Matar da ta sayar da dabbobinta ko sarƙarta ta ba miji ya ƙara jari, ko wadda ba a gama biyan sadakinta ba, mai bin bashi ce kafin ta zama magajiya. Idan miji bai rubuta ba, da wuya ta iya buɗe baki tana cikin takaba ta ce tana bin sa, in ma ta faɗa sai a ce kwaɗayi ne. Daga ƙarshe sai ta tashi da tumuni kawai, wato ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, wanda kuma za ta raba da abokan zamanta in tana da su.

Dukiyar zamani ta ƙara wa lamarin wuya, domin ba a ganinta da ido. Gida da gona kowa ya san inda suke, amma asusun banki na biyu, da hannun jarin da aka saya shekara 20 da suka wuce, da kuɗin da ke cikin manhajar waya, sai wanda aka gaya wa. A shekarar 2023, Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta Ƙasa, SEC, ta ce ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Ba dukanta ce ta mamata ba, amma duk magajin da bai san mahaifinsa na da hannun jari ba, ba zai taɓa zuwa nema ba. Haka nan, ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a watan Yulin 2024 sun tanadi cewa kuɗin asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba za a mayar da su wani asusu na musamman a babban bankin. Magada na da damar neman su a kowane lokaci, amma sai sun san da su tukuna.

Sulusi, da waɗanda gado ba ya kaiwa gare su

Amfani na biyu shi ne wanda aka fi sani da sunan wasiyya: ikon da mutum ke da shi na ware wani abu daga dukiyarsa ga wanda ya so. Ga Musulmi, iyakar wannan iko sulusi ne, wato ɗaya bisa uku na abin da ya rage bayan biyan bashi. Asalin iyakar shi ne labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka, a lokacin yana da 'ya ɗaya tak, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, sannan rabi, Manzon Allah (SAW) bai amince masa ba sai a kan sulusi, tare da nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Sharaɗi na biyu shi ne ba a yi wa magaji wasiyya. Abin da ya haura sulusi, ko aka yi wa magaji, ba ya zartuwa sai da yardar sauran magada.

Wasu na kallon waɗannan sharuɗɗa a matsayin takurawa. Amma idan aka dubi waɗanda sulusin zai iya kaiwa gare su, za a ga cewa an bar shi ne domin cike wani giɓi da kusan kowane gida ke da shi.

A ɗauki misalin dattijo mai 'ya'ya maza uku, ɗaya ya rasu ya bar yara ƙanana, kakan ya ɗauke su yana riƙo. Ranar da kakan ya rasu, 'ya'yansa biyu da ke raye suna kange jikokin, ba su da kaso ko na sisin kwabo, alhali su ne suka fi kowa buƙata a gidan. Idan abin da ya bari bayan bashi naira miliyan 9 ne, yana da ikon ya yi musu wasiyya da abin da ya kai miliyan 3. Idan bai yi ba, sai abin da baffanninsu suka ga dama. Matsalar ta kai girman da ƙasar Masar ta kafa doka a 1946 da ta mayar da irin wannan wasiyya tilas, ko kakan ya yi ko bai yi ba. Fiƙihun da kotunanmu ke bi bai tilasta ta ba, don haka makomar maraya tana hannun kakansa tun yana raye.

Haka abin yake ga ɗan riƙo da agola, waɗanda suka tashi a gida suna kiran mutum baba amma ba su gadonsa, da tsohon yaron shago da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsare dukiyar. Haka kuma ga dangin da addini ya bambanta su. A jihohi irin su Kaduna da Filato da Adamawa da Nasarawa, ba baƙon abu ba ne a sami Musulmi da mahaifiyarsa Kirista ce. Bambancin addini yana hana gado a shari'ar Musulunci, amma ba ya hana wasiyya. Ɗan da ke ciyar da irin wannan uwa, idan bai rubuta mata komai ba, ya bar ta a hannun tausayin wasu.

Da sulusin ne kuma ake kafa hubusi ko waƙafi, kamar rijiya ko makaranta ko gidan haya da kuɗinsa zai riƙa tafiya ga marayu. Jihohin Kano da Sakkwato na cikin waɗanda ke da hukumomin zakka da waƙafi da ke kula da irin wannan. Malaman Malikiyya sun kuma yi bayanin cewa zakkar shekarun baya da mutum ya yi sakaci da ita, idan ya yi wasiyya da ita, daga sulusi ake fitar da ita, ana ma gabatar da ita a kan sauran wasiyyoyi na neman lada.

Sai batun wasiyyi, wato mutumin da uba ya naɗa ya kula da 'ya'yansa ƙanana da dukiyarsu har su mallaki hankalin kansu. Wannan ba ya cin ko kwabo daga sulusi, amma ga mai ƙananan yara babu sakin layin da ya fi shi muhimmanci a takardar. Uba ya fi kowa sanin wane ne mai amana a cikin 'yan'uwansa, wane ne kuma ba a ba shi ajiyar nama. Idan ya yi shiru, zaɓin zai koma ga taron dangi ko kotu, a taron dangi kuwa sau da yawa mai babbar murya ne ke yin nasara.

Wace doka ce ta hau kanka?

Najeriya ba ta da dokar gado guda ɗaya. Akwai shari'ar Musulunci, akwai al'adun gargajiya na ƙabilu, akwai kuma dokokin da aka gada daga Ingila da waɗanda jihohi suka kafa. Wasiyyar da ba ta dace da dokar da ta hau kan mai ita ba, tana iya zama silar shari'ar da aka rubuta ta domin a kauce mata.

A jihohin da ba su kafa tasu dokar ba, har yanzu Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837 ce ke aiki, ita kuwa ta ba mutum 'yancin ya ba wanda ya so abin da ya so. A shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wasiyyar da Musulmi ya rubuta a ƙarƙashin wannan doka tana nan daram ko da ta saɓa wa ƙa'idar Malikiyya. Hukuncin ya jawo muhawara mai tsawo, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara da Oyo suka sanya a dokokinsu cewa wannan 'yanci bai shafi wanda ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci ba. A kan dokar Kwara ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta dogara a shari'ar Ajibaiye a 2007, inda ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi da ya raba dukiyarsa ba bisa tsarin Musulunci ba. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha hurumi a kan batutuwan wasiyya da gado da kyauta da waƙafi idan mai dukiyar Musulmi ne. Abin da ya fi wa Musulmi sauƙi, a duk jihar da yake, shi ne ya bayyana ƙarara a takardar cewa a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci, ya kuma tsaya a cikin sulusi. Ga wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal ko Enugu, wannan jimla guda tana iya rage wa iyalinsa doguwar jayayya.

Ga wanda ba Musulmi ba, amfanin wasiyya ya ma fi fitowa fili, domin idan ya rasu bai bar ta ba, irin auren da ya yi na cikin abubuwan da za su nuna dokar da za a bi. Wanda ya yi auren rajista, dokar kula da dukiyar mamaci ce za ta yi aiki. Wanda ya yi auren gargajiya kuwa, al'adar ƙabilarsa ce, wasu al'adun kuma ba su ba matar mamaci ko 'ya'ya mata komai. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan al'ada a watan Afrilun 2014, a shari'ar Ukeje, inda ta ce hana 'ya mace gadon mahaifinta ya saɓa wa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki. Amma mahaifin da ake shari'a a kan dukiyarsa ya rasu ne tun 1981 ba tare da wasiyya ba. Fiye da shekara 30 ke nan kafin 'yarsa ta ji hukuncin ƙarshe, kuma ba kowace 'ya ce ke da ƙarfin kai ƙara har Kotun Ƙoli ba.

Ko a nan ma 'yancin yana da iyaka. A shari'ar Idehen a 1991, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa a al'adar Bini, gidan da uba ya zauna har ya rasu na babban ɗansa namiji ne, wasiyya ba ta isa ta ba wani ba.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a tsakanin ma'aikata: ɗaukar cewa sunan makusanci da aka rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki ya wadatar. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da shi magaji ba, bai kuma ba shi ikon cire kuɗi ba. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce kamfanin fansho zai saki kuɗin asusun ma'aikacin da ya rasu ne idan aka kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Samun wannan takarda ta biyu yana buƙatar dangi su daidaita a kan waɗanda za su wakilce su, a kawo masu tsaya musu, a buga sanarwa, a jira ko wani zai yi ƙorafi. A gidan da ke da ɗakuna uku da ba sa ga maciji da juna, matakin farko kaɗai na iya cin shekara, yara kuwa suna zaune a gida an koro su saboda kuɗin makaranta.

Kada dai a ɗauka wasiyya tana kawar da zuwa kotu ko biyan kuɗi. Ita ma sai an kai ta an tabbatar, kuma ana biyan kuɗin da ake lissafawa bisa darajar dukiyar. Ana kuma iya ƙalubalantarta. Bambancin shi ne an riga an san wanda zai tsaya, an san abin da zai tattara, mai jayayya kuma da rubutun mamaci da shaidunsa zai yi.

Yadda za ta tsaya da ƙafarta

A ƙarƙashin dokar 1837 da dokokin jihohin da suka bi sawunta, dole wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Shaida ko matarsa ko mijinta ba su cin abin da aka rubuta musu a ciki, don haka ba a sa wanda zai amfana ya zama shaida. Dokar ba ta ce sai da Turanci ba. Ana iya rubutawa da Hausa. Idan mai wasiyyar bai iya karatu ba ko makaho ne, sai a nuna a takardar cewa an karanta masa ya fahimta kafin ya dangwala hannu.

A Musulunci ana iya yin wasiyya da baki a gaban adilai biyu, sai dai shaidu na mutuwa, suna kuma mantuwa. A ɗaya ɓangaren, malaman Malikiyya ba su ɗauki takardar da aka tsinta da rubutun hannun mamaci kawai, ba tare da ya kafa shaida a kanta ba, a matsayin abin zartarwa, domin yana iya yiwuwa ya rubuta ne yana shawara. Ke nan takardar da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa ba ta wadatar ba. A haɗa biyun: rubutu da shaidu.

Lokaci ma yana da tasiri. Kyautar da mutum ya yi a cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, kuma iƙirarin bashi ga wani magaji a wannan hali abin tuhuma ne. Kyautar da aka yi da lafiya kuwa, idan wanda aka ba bai karɓe ta ta koma hannunsa ba har mai kyautar ya rasu, ta ɓaci a Malikiyya, ta koma cikin gado. Mutumin da ya ce ya ba 'yarsa ko matarsa gida, amma takardu na sunansa, shi ke karɓar kuɗin haya, bai gama kyautar ba tukuna. Wanda ke son ya ba wani abu, ya ba shi yanzu, ya sauya takardu, ya kafa shaidu, tare da kiyaye adalci a tsakanin 'ya'ya.

Kuɗin lauya da ganin malamin da ya san ilimin gado ba su kai kuɗin zaman kotu na shekara guda ba. Bayan an rubuta, ana iya ajiye ta a sashen rajistar wasiyya na Babbar Kotun jiha, ko wurin lauya, ko a banki, a kuma sanar da wasiyyi inda take. Lambobin sirri na katin banki da na waya ba a sa su a ciki, domin za a karanta ta a gaban mutane. Ya isa a ambaci sunan bankin da irin asusun. Cire kuɗi da katin mamaci kafin rabo ma cin haƙƙin sauran magada ne, ko da ɗansa ne ya cire.

Mai wasiyya na da ikon sauya ta ko soke ta muddin yana raye da hankalinsa, kuma ya kamata ya riƙa waiwayarta duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa a gidan, ko ya sayar da wata kadara, ko ya biya wani bashin da ya rubuta. Wanda ya rubuta tasa a ƙarƙashin dokar 1837 ya kuma sani cewa auren da ya ɗaura bayan rubutawa yana rushe ta, sai ya sake sabuwa.